Waƙar Bege a Garejin Ras Al Khor

Rediyon motar Najiba ne ya fara mutuwa, sai sifikun baya suka bi sahu, daga ƙarshe ya zama idan ta kunna sigina gilashin gefenta ne ke sauka. Sati biyu tana lallaɓawa a haka. Ranar wata Talata dai ta gaji, ta baro ofishin kargo na mahaifinta da ke Al Khabaisi ta nufi Ras Al Khor, wani gareji da direbobin Abbanta suka ce akwai ɗan Kano a ciki mai hannu a aikin wayarin.

Tun kafin ta kashe mota ta jiyo mandiri. Ta ɗauka kunnenta ne. A tsakiyar Dubai, cikin zafin nan na Agusta da ko kyanwa ba ta yawo, tsakanin shagon ɗan Indiya mai taya da na ɗan Pakistan mai fenti, wai waƙar bege ce ke tashi, irin tsohuwar nan ta zamanin kaset. Daga cikin wata baƙar jif sautin ke fitowa, ƙafafun wani mutum sun leƙo ta ƙofar direba.

Ta yi sallama sau biyu. A ta uku ƙafafun suka motsa, mai su ya fito da baya-baya. Dogo ne siriri, da abin gwada wuta maƙale a kunne kamar fensirin kafinta. Idanunsa jajir, ga danshi a kumatu.

"Lafiya dai, malam?" ta tambaya.

"Hayaƙin dalma ne," ya ce, yana goge fuska da bayan hannu.

Najiba ta dubi hannunsa, ta dubi cikin motar. Ko alamar dalma babu. A ranta ta ce, to fa, yau ga namijin da bege ke sa wa kuka.

Izzuddeen sunansa. Ya saurari bayaninta, ya kunna sigina, gilashi ya sauka, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, wa ya taɓa miki wayarin ɗin nan?"

"Wani ne a Satwa. Ya ce aikin minti goma ne."

"Ai kuwa ya yi miki aikin minti goma."

Awa biyu ta yi a ɗan ofishinsu mai esi, tana leƙensa ta gilashi tana yi kamar waya take dannawa. Da ya gama ya kira ta gwaji, ya haɗa wayarsa da rediyon, waƙar ɗazu ta sake tashi.

"Da ita nake gwada kowace sifika," ya ce. "Ji mandirin can ƙasa, ji kuma muryar 'yan amshi can sama. Sifikar da ta ɗauki biyun ba ta yi gargada ba, to lafiyarta lau. Kiɗan zamani yana rufa wa sifika asiri, wannan ba ya rufawa."

"Gwajin ne kuma yake kawo hayaƙin dalma?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. In za a faɗi gaskiya, a nan Najiba ta faɗa sonsa, ko da yake har gobe cewa take sai bayan wata guda.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Salam Hajiya. Izzuddeen ne mai wayarin. Ina fata gilashi ya daina bin umarnin sigina."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Ya daina, na gode. Amma motar ta yi shiru da yawa. Turo min waƙar nan."

Ya tura mata ita, ya ƙara da wasu bakwai da ba ta tambaya ba.

Kafin wata uku, ita ta zama Hajiyar Sigina, shi kuma ya zama Sha'irina, alhali in ya ɗaga murya zai yi waƙa sai ka rantse ƙofar gareji ake ja. Ranar Asabar sukan sha shayin karak a wani ɗan shago a Satwa, ƙanwar Ummanta na zaune a teburin gefe tana gadi da ido ɗaya. Ya raba musu abin sauraro, kunne ɗaya nata ɗaya nasa, yana tsayar da waƙa yana mata bayani.

"Ji nan, habibti. Mai waƙar bai roƙi a shigar da shi ko'ina ba. Cewa ya yi in ayari zai tashi Madina a ɗauke shi ko da mai riƙe takalma ne. Mutum yana kewar wanda bai taɓa gani ba har muryarsa na rawa. Ina za ki samu wannan a waƙar soyayya?"

"Wato ni ba ka kewata haka?"

"Ke ai ina ganinki. Da sauƙi."

Abin da Najiba ba ta sani ba, ni kuma ba zan ɓoye muku ba, shi ne shekara huɗu rabon da Izzuddeen ya sa goshinsa a ƙasa. Ba lalacin samari ba ne, irin na gobe zan rama. Abin ya fi nan. A zuciyarsa ya daina yarda akwai mai jin addu'a. Idan aka kira sallah suna tare, ita ta nufi ɓangaren mata, shi ya nufi na maza, ya zagaya bayan masallaci ya tsaya a inuwa har a idar. Kullum yana cewa yau zai faɗa mata, kullum ta yi masa murmushin nan sai ya ɗaga zuwa wani satin. Tsoro yake ji, tsoron rasa ta.

Da maganar ta isa gaban Alhaji Maharazu, mahaifin Najiba, cire tabarau ya yi ya ajiye a kan tebur.

"Bakanike? Shekara ashirin ina Dubai, in tashi in ba bakanike 'yata?"

"Injiniya ne fa, Alhaji, da digirinsa," in ji Hajiya Murjanatu, matarsa.

"Injiniyan ƙarƙashin mota."

Shi Alhaji da wanda yake so, Muhyiddeen, ma'aikacinsa mai kula da lodin kwantena, wanda ya daɗe yana kawo wa Najiba turare tana miƙa wa Ummanta. Amma Hajiya Murjanatu ba a gama magana da ita a zama ɗaya. Ta bi shi da maganar a wajen karin kumallo, ta bi shi da ita a mota, har ya gaji ya ce to a yi bincike, kuma Mika'ilu ne zai yi.

Kawu Mika'ilu yayan Hajiya Murjanatu ne, dattijo mai sayar da yadi a Deira, wanda ya yi binciken aure ya fi a ƙirga a Kano. Can gida abin da sauƙi. Ka je unguwar yaro, ka gai da liman, ka zauna da mai shayi, kafin la'asar ka san har kakansa. To a Dubai wane limami za ka tambaya? Kowane lungu da masallaci, sahu ɗaya ƙabila goma, ba wanda ya san wanda ya tsaya kusa da shi. Kawu ya yi tunani, ya ce bari ya je ya ga yaron da idonsa.

Sau uku yana zuwa garejin, yana fakewa da tambayar batir. Duk zuwan bege yake tararwa. Ya tambayi 'yan Pakistan ɗin wajen, suka ce ai su Maulana suke kiransa, wato malam, ba ya shan komai, ba ya cin kuɗin kwastoma, ba ya kallon mata. A zuwa na uku Kawu ya hango shi zaune a bayan wata mota, waƙa na tashi, hawaye na bin fuskarsa. Kawu ɗan zikiri ne tun yana yaro, nan take nasa idon ya kawo ruwa. Ko batirin bai tsaya tambaya ba.

"Alhaji, ka ba shi," ya ce da ya dawo. "Yaron nan masoyin Manzon Allah ne. Wanda ake ambaton Annabi ya yi kuka irin wannan, ba sai na tambayi liman ba."

A ranar Najiba ta tura wa Izzuddeen saƙo.

"Sha'irina, albishirinka. Abba ya ce ka turo magabatanka su ga su Baffa a Kano. Kawu ya ce bai taɓa ganin yaro mai son Annabi irinka ba. Alhamdulillah, yau ko abinci na kasa ci don murna."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ta jira har washegari. Ta kira, bai ɗauka ba. A rana ta uku ya rubuto kalma huɗu: "Ki yi haƙuri, Najiba." Ba Hajiyar Sigina, ba habibti. Duk macen da aka yi wa haka abu ɗaya take kawowa, kuma shi ta kawo: yana da mata a gida, wataƙila har da 'ya'ya.

Muhyiddeen ne ya same ta a ofis idanunta a kumbure. Ya taɓa zama filat ɗaya da Izzuddeen a Satwa, shekara guda suna raba kicin. Ya jingina da ƙofa, ya yi ƙasa da murya kamar mai tausayi.

"Ni ba na shiga maganar mutane. Amma ranar Juma'a, lokacin huɗuba, ki je bakin ruwan Ras Al Khor inda ake kallon tsuntsaye. Ki ga da wa yake Juma'arsa."

Ta je. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa wa matar. Ta tarar da motarsa ita kaɗai a wajen ajiye motoci, can gaba tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu sun yi cirko-cirko a cikin ruwa. Ta leƙa kujerar gaba, ta leƙa ta baya. Ba kowa sai shi, ya kwantar da kujera, mandiri na tashi a hankali.

Wallahi daɗi ta fara ji. Ta sauke ajiyar zuciya har tana neman yin dariya. Sai kuma ta dubi agogo, ta tuna a wannan lokacin duk wani namiji Musulmi a garin yana sahu.

Ya buɗe mata ƙofa, ya kashe waƙar. Bai tambaye ta wa ya turo ta ba.

"Ba ka je masallaci ba," ta ce.

"Shekara huɗu ke nan ban je ba."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Najiba, ba na sallah. Ba mantuwa ba ce. Na daina yarda ne."

"Da me?"

Ya kau da kai, kuma wannan ya ishe ta amsa. Ta ja mayafinta ta rufe baki, tana maimaita innalillahi a hankali.

"Ba wanda ya ɓata min rai," ya ci gaba. "Ba wani bala'i da ya same ni. Tambayoyi ne tun ina jami'a, na tambaya aka ce in yi shiru, na yi shiru suka ƙaru. Wata rana na tsaya sallah na ji kamar ina magana a wayar da aka riga aka katse. Yadda batir ke mutuwa, kaɗan-kaɗan, ranar da za ka tada mota ka ji tsit."

"To waƙoƙin fa? Kukan fa? Duk ƙarya ne?"

"Shi kaɗai ne ba ƙarya ba," ya ce. "Kakata a Gwammaja da waƙoƙin nan take soya ƙosai. Duk watan Mauludi a cinyarta nake barci ana buga mandiri a ƙofar gida. Da imanin ya tafi, na ɗauka su ma za su tafi, sai suka ƙi. Ina jin mutumin nan yana kiran wanda yake so da dukkan zuciyarsa, ba ya shakkar ana jin sa. Ni ba ni da wannan. Sai in ji kamar ina tsaye a waje ina jin ƙamshin girkin gidanmu. Ba na yarda da abin da yake faɗa, amma na yarda da shi mai faɗar."

Najiba ta yi kuka sosai. Shi ma bai hana ta ba.

"Da ka yi shiru da an ɗaura," ta ce daga baya.

"Shi ya sa na kasa amsa miki. Kawu ya ga hawaye ya ba da shaida a kan abin da babu. In na karɓe ki a haka, sace ki na yi."

Ta goge fuska, ta gyara zama, ta dube shi ido cikin ido.

"Ina sonka, Izzuddeen, kuma ba zan aure ka a haka ba. Ba don Abba ba, don ni. Sannan ka ji da kyau: kada ka kuskura ka yi sallah saboda ni. In ka yi zan gane, kuma ranar zan tsane ka."

Ta fita ta shiga motarta. Har ta isa gida ba ta kunna komai ba.

Washegari Izzuddeen ya sa manyan kaya ya tafi Al Khabaisi. Ya nemi ganin Alhaji shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya durƙusa a kan kafet duk da an nuna masa kujera. Ya faɗi komai, bai rage ba.

Alhaji ya miƙe tsaye.

"Ka san me ka faɗa kuwa? A ofishina?"

"Na sani, Baba. Ku gafarce ni. Na ga bai dace ku ba ni 'yarku a kan shaidar da ba tawa ba."

"Tashi ka fita. Kada in ƙara jin ka kira ta."

Har ya kai ƙofa Alhaji ya sake magana, bai dube shi ba.

"Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Kada ka je kana faɗa wa mutane, ba kowa ne zai ji ya bar ka lafiya ba."

Muhyiddeen bai san an riga shi ba. Bayan kwana biyu ya shigo da labarinsa a shirye, har da kalmar mulhidi, wato wanda bai yarda da Allah ba. Alhaji ya bari ya gama tsaf.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ai tun muna Satwa, Alhaji."

"Kana nan aka tura Mika'ilu, kana nan ya dawo, ba ka ce uffan ba sai da ka ji an ce yaron ya turo. Shi mai laifin da ƙafarsa ya zo ya faɗa. Je ka duba min kwantenar Apapa."

Daga ranar turaren Muhyiddeen ya daina zuwa.

Gidan Alhaji ya yi tsit. Najiba ba ta yi bori ba, ba ta ƙi abinci da gangan ba, tana zuwa ofis tana dawowa, amma duk ta zube. Magana ɗaya ta yi wa mahaifinta: "Abba, na haƙura da shi, amma don Allah kada a kawo min wani yanzu." Kawu Mika'ilu kuwa, da Alhaji ya gaya masa cikin sirri don ya san irin binciken da ya yi, ko gezau.

"Ni dai abin da na gani na gani. Na ga kukan munafunci a duniya, na ga na talabijin, wannan ba shi ba ne. Yaron yana cewa babu, idonsa yana cewa akwai. Ni idon na gaskata."

"Mika'ilu, da bakinsa fa ya faɗa."

"To da bakin wa kake so ya faɗa? Wanda ba ya tsoron komai zai zo ya tona wa kansa asiri ana gab da ba shi mata?"

Maganar ta tsaya wa Alhaji a rai. Sati shida yana juya ta. Wata Laraba da hantsi ya tuƙa kansa zuwa Ras Al Khor, ya tarar da garejin shiru, Izzuddeen na ɗaura sifika ba kiɗa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ina waƙar?" in ji Alhaji.

"Na daina sawa a nan, Baba. Tana sa mutane su ɗauke ni abin da ba ni ba."

"Shiga motata ka sa min ita."

Suka zauna a gaba, esi na busawa, suka saurare ta tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya dubi wani. Da ta ƙare Alhaji ya daɗe yana murza carbinsa.

"Najiba tana da yaya namiji," ya ce. "Ba ta san shi ba. Yana da shekara uku ya rasu a hannuna, a hanyar asibiti. Bayan nan na yi shekara biyu ina sallah kamar mai motsa jiki. Ina sahun gaba, ana ce min Alhaji, cikina fayau. Ko uwarsa ban gaya wa ba, kai ne na farko." Ya share ido da gefen hula. "Ni na ɓoye nawa har ya wuce. Kai ka faɗi naka. Ban san wanda ya fi wani a cikinmu ba."

Alhaji ya gyara hularsa, ya ci gaba.

"Ba zan ba ka 'yata a haka ba, kada ka yaudari kanka. Kuma ban zo yi maka wa'azi ba, ban iya ba. Amma duk Juma'a zan biyo in ɗauke ka. In ka ga dama ka zauna a mota. In an idar mu je mu ci shinkafar mandi, ka yi min tambayoyin nan naka. Wanda na sani in amsa, wanda ban sani ba in ce ban sani ba."

Haka kuwa aka yi. Juma'a goma sha ɗaya Izzuddeen na zaune a mota a bakin wani masallaci a Deira. A wajen cin abinci ya yi tambaya, Alhaji ya ce ban sani ba har ya gaji da faɗa, wani lokacin su yi musu shinkafa ta huce. Najiba ta san ana yi, amma ba ta kira shi ba, shi ma bai kira ba. Saƙo ɗaya ta tura a duk tsawon lokacin.

"Na ji Abba yana cewa ka rame. Ka dinga cin abinci. Kada ka amsa wannan."

Bai amsa ba. Ya dai karanta shi ya fi sau ɗari.

A Juma'a ta goma sha biyu, masallaci ya cika sahu ya fito har titi, ya zo daidai motar Alhaji. Wani tsoho ɗan Bangladesh cikin kayan aikin gini ya shimfiɗa kwali a jikin ƙofar. Ya ɗaga kai ya ga mutum zaune a mota, ya ɗauka abin shimfiɗa ne ba shi da shi. Sai ya matsa gefe, ya bubbuga rabin kwalin da tafin hannu. Izzuddeen ya girgiza kai. Tsoho ya sake bubbugawa, yana murmushi da haƙoransa uku.

Kunya ce ta fito da shi, ba wani abu ba. Ya ɗauki robar ruwa ya yi alwala a bakin kwalbati, tsohon na riƙe masa wuri.

A wajen cin mandi Alhaji bai ce ya gani ba. Izzuddeen ne ya fara.

"Baba, ban ga wani haske ba. Amma da liman ya kai ƙarshen Fatiha, mutum dubu suka ce amin da murya ɗaya, na ji har a ƙirjina. Na faɗa tare da su, kuma ban ji ƙarya a bakina ba."

"Ci abincinka," in ji Alhaji, yana tura masa nama.

Bai yi gaggawa ba, dattijon. Sai da ya ƙara wata huɗu yana kallo. Rannan ya kira shi gida, ya sa Najiba ta zauna a bayan Ummanta.

"Yau ni ke da tambaya. Ina kake yanzu?"

"Har yanzu akwai abin da ban da amsarsa, Baba. Wata ranar ina ji, wata ranar ba na ji. Amma ina sallah, kuma in na yi kalmar shahada da gaske nake. Ko kun hana ni ita gobe zan tashi da asuba."

Alhaji ya juya. "Ke kika ce za ki gane. To?"

Najiba ta ɗago ta dube shi, karo na farko cikin wata tara. Ta daɗe tana kallo, har Hajiya Murjanatu ta fara motsi a kujera.

"Ba don ni yake yi ba, Abba," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Hajiya ta rangaɗa guɗa a falon hawa na tara, har maƙociyarsu 'yar Lebanon ta ƙwanƙwasa tana tambayar ko lafiya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Kano, su Baffa da waliyyan ango suka cika masallacin unguwa, ango da amarya suna kallo ta waya daga Dubai, hoton na tsayawa yana tafiya. Aka yi walima a Deira, 'yan kasuwa da 'yan gareji suka haɗu, har 'yan Pakistan da suka zo taya Maulana murna. Alhaji ya kama hannun 'yarsa ya sa a na mijinta, ya ce Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku riƙa gaya wa juna gaskiya ko da ba daɗi. Daga nan Kawu ya ƙarasa addu'ar.

Kwanansu biyar a sabon filat ɗinsu, Najiba ta idar da sallar asuba ta fito falo ta same shi zaune a kan darduma, ya zuba wa taga ido, gari ya fara haske.

"Sha'irina, lafiya?"

Da a da ne da ya ce lafiya lau.

"Yau ban ji komai ba," ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa. Ta nemi tsoron nan a ƙirjinta, ta ga babu shi.

"Amma ka yi?"

"Na yi."

"To gobe ma akwai asuba. Taso ka sha shayi kafin ya huce."

Ya naɗe dardumar ya bi bayanta. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka, mu kuma Ya haɗa mu da waɗanda za mu iya gaya wa abin da ke ranmu.